Shekarar da mai ya yi tsada, mutuwa ta ragu a titi: gaskiya ce ko lissafin 'yan boko?

Sadik, Asawase: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Akwai abin da ya hana ni barci tun jiya. Ina haɗa aikin makaranta a jami'ar KNUST ta Kumasi kan haɗarin mota, sai na jera alƙaluman da 'yan sandan hanya na MTTD da hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA suke fitarwa duk ƙarshen shekara. A 2021 mutum sama da 2,900 ne suka rasu a titunan Gana. A 2022 suka koma 2,373. A 2023 kuma 2,276. Da aka shiga 2024 sai abin ya sake hawa zuwa 2,494. To ku tuna yadda 2022 ta kasance. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. Litar gas ta wuce sidi 23. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wato shekarar da muka fi shan wuya ita ce shekarar da mutum sama da 500 suka tsira daga mutuwar titi. Shekarun da aka ce arzikin ƙasa ya ƙaru da fiye da kashi 5, wato 2021 da 2024, su ne gawa ta yi yawa. Akwai direbobi a gidan nan, don Allah ku gaya mini, haka kuka gani da idonku?

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: Wa alaikumus salam ɗana. Shekara talatin da 'yan kai ina jan babbar mota daga Tema zuwa Wagadugu kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ban san lissafinka ba, amma na san hanya. Idan kasuwa tana ci, mai mota ba ya barin ka ka kashe inji. Ka sauke a Wagadugu yau, waya ta shigo cewa wani kaya na jira a tashar jirgin ruwa, ka juyo ba ka runtsa ba. Goro da kofi su ne abincinka. Tsakanin Kintampo da Buipe na sha ganin titi ya rabu biyu a idona saboda gyangyaɗi. Idan kasuwa ta mutu kuwa sai ka yi kwana goma a Tema kana shan shayi kana jiran lodi. Aljihu ya bushe, amma ka ƙoshi da barci. Saboda haka maganarka ba ta ba ni mamaki ba.

Nasiru, Suame Magazine: Baba Alhaji, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Sadik, zo garejinmu ka yi mako guda, takardar nan taka za ka yage ta da hannunka. A 2022 na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya zo birkinsa ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, in gaya masa kuɗin sabo, ya ce in lallaɓa masa zuwa wata mai zuwa. Taya ta suɗe kamar tafin hannu, maimakon a saya sai a kai wa mai faci ya sake yanka mata zane da wuƙa. Na taɓa buɗe tulun man birki na tarar da ruwan omo a ciki, wallahi. Dillalan kayan gyara farashi biyu suke faɗa a yini ɗaya, na safe daban na yamma daban, saboda dala. Motocin nan su ne suka ɗauki iyayenmu daga Kejetia zuwa Tafo da Ejisu. Ta yaya za ka ce mini titi ya fi lafiya a wannan shekara?

Sadik, Asawase: Yaya Nasiru, ban ce titi ya fi lafiya ba. Cewa na yi waɗanda suka mutu sun ragu. Maganar biyu ce.

Nasiru, Suame Magazine: To bambance mini, ni makarantar allo na yi.

Sadik, Asawase: A ce motoci ɗari ne ke bin hanyar Ankara kullum, biyu su yi haɗari. Mai ya yi tsada, motocin suka koma sittin, kuma duk sun fi lalacewa, ɗaya da rabi ke yin haɗari. Wanda ya hau mota a shekara ta biyu ya fi shiga hatsari, amma jimillar gawa ta ragu. Misali ne kawai na ƙirƙira don a gane.

Usman, Kano: Ku yi haƙuri da baƙo, wace Ankara? Ta Turkiyya?

Hajiya Rabi, Alabar: Usman, nan haka kakanninmu 'yan fataucin goro suke kiran babban birnin Gana, mu ma muka tashi muka gada. Zauna ka sha labari.

Ni dai abin da na sani ke nan. Tumatir nake sarowa daga Burkina, albasa daga Nijar. Kafin tsadar nan duk mako sai motarmu ta tashi. Da sidi ta faɗi a gaban sefa, sai ka kai kuɗinka Paga, bakin iyakar Burkina, ka canza ka ga kamar an yi maka sata. Muka koma mu huɗu muna haɗa mota ɗaya, ita ma sau biyu a wata. Ƙanwata da ke Nima da ba ta barin biki ko suna ya wuce ta a Kumasi, a shekarar nan ta waya take turo gudummawa. Har maƙwabtanmu Asante, da kowa ya san Asabar ta jana'iza ce a wurinsu, masu cika bas biyu su tafi ƙauye sun koma tura wakili. To wanda bai hau hanya ba, ina hanya za ta gan shi?

Amma Nasiru ma yana da gaskiya ta wani gefen. Da muka koma haɗa mota ɗaya, lodin da muke yi mata Allah ne kaɗai ke kai ta gida. Kwando a kan kwando har sai ta karkace. Kuma kar ku manta a Fabrairun 2016 motar tumatir ce ta yi karo da bas a kusa da Kintampo, mutum fiye da hamsin suka tafi a dare ɗaya. Duk sanda motarmu ta wuce wurin sai na yi salati.

Yakubu, Bronx: Salam daga nesa. Sadik, ba kai ka fara ganin wannan ba, a nan Amurka tsohon zance ne. A 1973 Larabawa suka rufe famfon mai, aka shiga layi a gidajen mai. A Janairun 1974 gwamnati ta sa dokar kada a wuce mil 55 a awa, wajen kilomita 89 ke nan, don a tsimi mai, ba don a ceci rai ba. Mutuwar titi ta sauko daga wajen 54,000 zuwa wajen 45,000 a shekara guda. Haka aka sake gani da bankuna suka durƙushe: 2007 mutum 41,259, zuwa 2011 sun koma wajen 32,500. Akwai wani masanin tattalin arziki, Christopher Ruhm, da ya bi alƙaluman jihohin nan a 2000, ya ga duk sanda rashin aiki ya ƙaru da maki ɗaya, mutuwar mota na raguwa da wajen kashi 3 cikin ɗari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a 2008 da 2009 tafiyar da mutane ke yi kaɗan ta ragu, amma mutuwar ta ragu da yawa. Ashe ba yawan motoci kaɗai ba ne, su wa suka sauka daga titi ne. Samari masu zafin kai su ne na farko da ake sallama daga aiki, sai su ajiye mota. Manyan motocin kaya su ragu. Mai zuwa mashaya ya tuƙo kansa gida ya koma sha a ɗaki. Ni tasi nake ja a nan tun kafin wannan lokaci, daren Juma'a titi ya yi tsit kamar an yi shara.

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: Yakubu, ka taɓo wani abu. Direba in mai ya yi tsada ƙafarsa sauƙi take yi a kan totur. Ba wa'azi ba ne ya shige shi, lissafi ne. Kowa ya san mota mai gudu ta fi shan mai.

Malam Hamisu, Sawaba: Jama'a, ina karanta ku tun ɗazu. Mu yi hattara da harshe. Rai yana da ajali, ba dala ce ke kashewa ba, ba sidi ce ke rayawa ba.

Hajiya Rabi, Alabar: Allah gafarta Malam, ba wanda ya yi musun ajali. Amma ku ne kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Birki ai shi ne igiyar raƙumin yau.

Malam Hamisu, Sawaba: Hajiya kin kama ni da igiyata. Na karɓa. Ku ci gaba.

Mariya, Tafo: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara tara ina sashen gaggawa. Ƙanina Sadik, lambarka ta waɗanda suka mutu ce, kuma mafi yawa waɗanda ɗan sanda ya rubuta ne. Ni ina ganin waɗanda ba su mutu ba. A shekarun tsadar nan abin da ya canza a idona shi ne irin mutanen da ake kawowa. Da can bas ce za ta kife a kawo mana mutum ashirin a tashi ɗaya. Sai muka koma karɓar su ɗaya-ɗaya, yini guda ba hutu: yaro ɗan shekara sha tara da ya faɗo daga babur ba hular kwano, mace mai talla da aboboya (babur mai ƙafa uku na kaya) ta take, tsoho da pragya (babur mai ƙafa uku na fasinja) ta kwashe yana tsallaka titi. Karayar cinya, fashewar kai. Wasu ana cewa ga kuɗin aiki sai dangi su sa hannu su ɗauke shi zuwa wajen mai ɗori a ƙauye. In ya cika a can bayan wata biyu, wa zai rubuta shi a littafin haɗari? Ban ce lambarka ƙarya ce ba. Cewa nake akwai mutane a bayanta da ba ta ɗauko ba.

Sule Mai Pragya, Aboabo: Anti Mariya, tunda an ambace mu bari in yi magana, don kullum mu ne abin zagi. Ni tela ne. Keken ɗinkina yana nan a ɗaki na lulluɓe shi da zani. Da yadi ya yi tsada mutane suka daina ɗinki sai da salla, na karɓi pragya a hannun wani mutum a kan in riƙa biya duk mako har ta zama tawa. Sharaɗin shi ne in na fasa biya sau uku ya karɓe abinsa, duk abin da na zuba ya bi ruwa. To ku gaya mini, ranar Alhamis da yamma, kuɗin mako bai cika ba, mai ya cinye rabin abin da na samu, fasinja na ɗaga hannu a tsallaken titi, zan tsaya neman inda doka ta ce a juya? Baba Alhaji ya ce tsadar mai na sa ƙafa ta yi sauƙi. Wannan ga mai babbar mota ne. Mu tsadar mai ƙara mana awa take yi. Da ina tashi da magariba, na koma sai sha ɗayan dare.

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: Sule, ban ƙi taka ba. Yaron da ke karɓar kuɗi a trotro ma haka yake, sai an cire na mai mota da na mai kafin shi da direba su ga sisi. Shi ya sa suke tsere a kan fasinja ɗaya kamar kaji a kan tsaba.

Sadik, Asawase: Kawu Sule, abin da ka faɗa shi ne inda mu da Amurka muka raba hanya. Can wanda ya rasa aiki gida yake komawa, gwamnati na ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa. Nan wanda ya rasa aiki titi yake fitowa, ya hau okada ko pragya, ko ya ɗora tire a ka ya shiga tsakanin motoci a Anloga Junction. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, a wancan lokacin ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma yunwa ba ta karanta doka ba.

Nasiru, Suame Magazine: Yauwa. To tunda ka fara dawowa hanya, ga wata. Ka fara lissafinka daga 2021. Me ya sa ka tsallake shekarar korona?

Sadik, Asawase: Ka kama ni, Yaya. Ita ce ta ƙi shiga layi. A 2019 mutum 2,284. A 2020 an kulle Ankara da Kumasi mako uku tun daga 30 ga Maris, makarantu a rufe, iyakoki a rufe, arzikin ƙasa da ƙyar ya motsa da rabin kashi ɗaya, amma mutuwa ta hau zuwa 2,589.

Yakubu, Bronx: Nan ma haka aka yi, kuma ya ba masana kunya. Tafiya ta ragu sosai a 2020 amma mutuwa ta tashi daga wajen 36,000 zuwa kusan 39,000, a 2021 ta kusa 43,000. Titi ya zama fili, wanda ya fito sai ya taka iya ƙarfinsa, 'yan sanda kuma suna gudun tsayar da mutane. Sannan a 2020 mai araha ya yi, ba tsada ba. Ina ganin nan ne bakin zaren. Ba kowane talauci ne ke rage haɗari ba, sai wanda ya taɓa tankin mota.

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: Cunkoso rahama ne ba mu sani ba. A Kejetia da rana sai dai a goge maka fenti ku yi cacar baki. Mutuwa tana can inda hanya ta miƙe, Konongo zuwa Nkawkaw, inda layi ɗaya ne kowa na son ya wuce tirela. Abin da muke koya wa yaran mota ke nan: in ka ninka gudu biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ba biyu yake ninkuwa ba, huɗu ne.

Hajiya Rabi, Alabar: Kun manta 2020 shekarar zaɓe ce. 2024 ma haka. Kuɗi na yawo, an raba wa samari babura, ayari na bin ɗan takara ana wasa da rai a kan titi, ɗan sanda kuma ba ya son ya kama yaron wani babba.

Sadik, Asawase: Hajiya, na yi tunanin haka, amma 2021 ba zaɓe, kuma ita ta fi duka.

Hajiya Rabi, Alabar: To baburan da aka raba a 2020 cinye su aka yi?

Fati, Madina: Ina ta jira wani ya ambaci titin kansa, ba wanda ya yi. Ni a nan Madina nake lokacin da aka faɗaɗa hanyar Adenta aka bar gadojin tsallakawa ba a gama ba. Kuɗin yin titi ya samu, na gama gada ya ƙare. Shekaru muna tsallaka layi shida da yara a hannu. Sai da mota ta kashe wata ɗaliba a Nuwamban 2018, mutane suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka dawo aka gama su. Haka babbar hanyar N1 da aka buɗe a 2012, ta ratsa Lapaz, kasuwa a hagu kasuwa a dama. Lokacin ƙasa na cikin daɗi, an fara haƙo mai a ƙarshen 2010, a 2011 aka ce arziki ya ƙaru da kashi 14. Arzikin ya sayo motoci, ya shimfiɗa kwalta mai santsi, amma bai tuna da mai tafiya a ƙasa ba. In kuɗi ya zo mu ake takewa, in ya tafi ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya bar mana rami ba ko alama.

Sadik, Asawase: Anti Fati, wannan ma an yi nazarinsa. Wasu masana biyu, Kopits da Cropper, a wani nazari da Bankin Duniya ya wallafa, sun duba ƙasashe da yawa suka ga cewa ƙasa in ta fara samun kuɗi mutuwar titi hawa take yi, sai ta kai wani matsayi na arziki sannan ta fara sauka. Dalili, mota ake fara saya, gada da motar asibiti da ɗan sandan da ba ya karɓar na goro sai daga baya. Mu muna kan hawan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci.

Usman, Kano: Mu ma da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 titunan Kano sun yi fayau, masu motoci suka ajiye suka koma Adaidaita Sahu. Amma sai mutane suka koma hawa saman tirela tare da shanu da buhuna don arahar kuɗin mota. In ta faɗi kuwa, ba a magana.

Mariya, Tafo: Allah ya kyauta. Irin abin da nake faɗa ke nan.

Nasiru, Suame Magazine: Sadik, bari in ba ka nawa lissafin, ka sa a takardarka in malaminka zai yarda. Gyaran da ba a yi ba a 2022 da 2023 bashi ne. Motar tana nan, ba ta warke ba, an dai rage mata tafiya ne. Da kasuwa ta buɗe a 2024, wa ka gani ya ce bari in fara kai ta garejin Magazine kafin in ɗau lodi? Ba kowa. Da tsohuwar taya aka koma zirga-zirga sau biyu a yini. Don haka mutum ɗari biyu da 'yan kai da suka ƙaru a 2024, kai ka ce arziki ne ya kashe su, ni na ce talaucin shekara biyu da suka wuce ne ya biyo bashinsa.

Sadik, Asawase: Ba ni da alƙaluman da zan ƙaryata ka, kuma ba ni da na gaskata ka. Shekara shida kawai na jera, malamina ma zai ce sun yi kaɗan a yanke hukunci. Sai na samo yawan man da aka sayar kowace shekara, in raba gawa da lita, sannan a ga ko kowace tafiya ta ƙara hatsari ko ta ragu.

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: Ka ƙara da watanni, ɗana. Daga sanda aka buɗe cinikin koko kuɗi ya shiga ƙauye, ka duba har zuwa Kirsimeti. Sannan ka duba Ista a hanyar Kwahu. Ba sai ka jira shekara ta juya ba, a cikin shekara ɗaya ma akwai lokacin samu da na rashi, kuma duk direba ya san wanne ne ya fi cin mutane.

Sule Mai Pragya, Aboabo: Ni saura mako goma sha ɗaya in gama biya. Ranar da ta zama tawa, wallahi da magariba zan riƙa ajiye ta.

Nasiru, Suame Magazine: Haka kowa ke cewa. Jiya da ka wuce ta gaban masallaci na ji ƙarar birkinka tun daga nesa. Kawo ta ranar Asabar da safe kafin in buɗe wa mutane, kayan kawai za ka saya.

Sule Mai Pragya, Aboabo: Asabar akwai jana'iza a Ejisu, ranar ce nake cike kuɗin mako. Bari sai Talata.